Mayafin da Aka Lulluɓe Nusaiba da Shi

Ranar Alhamis da azahar aka tsinci Nusaiba a ɗakin sallar mata na ofishin mazaɓar Honarabul Kabir, a Unguwar Sarki. Safiya mai buga takardu ce ta shiga ta gan ta kwance a kan kafet. Ta ɗauka barci take yi, ta tsallake ta ta yi sallarta. Sai da ta sallame ta girgiza ta, ta ji jiki ya saki, numfashi yana fita da ƙyar. Kafin magariba Nusaiba ta cika a asibiti.

Sufeto Harira aka damƙa wa binciken. Tun kafin ta bar caji ofis Dipio ya riga ya yanke nasa hukuncin.

"Yarinya ta yi wa babban mutum ƙazafi, ranar tonon asiri ta zo, ta sha magani. Ki rubuta ki rufe."

Labarin ba ɓoyayye ba ne. Nusaiba sakatariya ce a ofishin. Watanni kaɗan da suka wuce ta kai ƙara cewa an aike ta da takardu gidan saukar baƙin Honarabul, ya kulle ƙofa ya kama ta, da ƙyar ta ƙwaci kanta. Jam'iyya ta kafa kwamiti na dattawa, mace ɗaya ce a cikinsu, Hajiya Mansura shugabar ma'aikatan ofishin. A ranar Alhamis ɗin ne kwamitin zai saurare ta.

Likitan da ya yi mata wankin ciki ya ce wa Harira kunun gyaɗa ya samu, da maganin barci mai ƙarfi.

"Da mai lafiya ce, da ta yi barcinta ta tashi da yamma," in ji shi. "Amma sikila ce, zuciyarta ma ba ta da ƙarfi."

Washegari da safe aka yi jana'iza. Daga maƙabarta mutane suka fara raɗa cewa 'yar Malam Bala, malamin allo na Unguwar Shanu, ta kashe kanta. Harira ta wuce ofishin mazaɓar, ta shiga ɗakin sallar ita da Safiya. Ta duba bayan ƙofa, ƙarƙashin kafet, kwandon shara, da jakar marigayiyar. Babu kofi, babu fulas, babu takardar magani.

"Yadda kika same ta nake so ki faɗa mini," in ji Harira.

"A gefen dama take kwance. An naɗe sallaya a ƙarƙashin kanta. Takalmanta a jere a bakin ƙofa, fanka tana juyawa a hankali."

"Da hijabinta?"

"Hijabin yana rataye a ƙusa. Wani mayafi ne ruwan toka ya rufe ta har ƙafa."

"Wa ya ba ta kunu?"

"Kunu? Ai azumi take yi, ranki ya daɗe. Tun da ta kai ƙarar nan kullum cewa take tana azumi. Ko ruwan leda ba ta karɓa a hannun kowa."

"Da kwamiti ya neme ta, wa ya je kiranta?"

"Hajiya ce ta fita. Ta dawo ta ce ba ta gan ta ba, da alama ta tafi gida. Sai suka ce tunda mai ƙara ta gudu, magana ta ƙare."

Harira ta tsaya tana kallon wurin da yarinyar ta kwanta. Ta ga gawarwaki da yawa a aikin nan, amma ba ta taɓa ganin wanda ya sha magani ya wanke kofin ya ɓoye shi ba.

Honarabul Kabir ya karɓe ta a falonsa, cikin farar shadda, carbi a hannu. Ya ce ranar Alhamis ɗin tun safe yana majalisa, bai taka ofishin ba sai da aka kira shi. Harira ta riga ta tabbatar da haka daga mutanen da ba nasa ba.

"Zaɓe ya matso, Sufeto. Abokan hamayya ne suka zuga ta, Allah ya jiƙanta."

"Ka kulle mata ƙofa ko ba ka kulle ba?"

"Wannan ba shi aka aiko ki tambaya ba." Ya ajiye carbin. "Ki yi tunani mana. Me zan samu da mutuwarta? Da ta shiga gaban kwamitin nan, da ta fito da kunyarta, shi ke nan. Yanzu ga sunana a rediyo safe da yamma."

Harira ta fito ranta yana tafasa, domin ta san a wannan bai yi ƙarya ba. Mutumin da ya tabbata kwamiti nasa ne ba ya bukatar maganin barci.

A Rafin Guza ta sami Sharhabil, saurayin Nusaiba, zaune a shagonsa na kafinta. Bai kunna inji ba. Maƙwabta sun ce sun ji su suna faɗa a makon da ya wuce.

"Mun yi faɗa," in ji shi. "Dangina sun ce ba zan auri wadda sunanta yake yawo a waya ba. Na ce ta janye, ta ƙi."

"Amma kai ka kai ta ofis jiya."

"Na je na ba ta haƙuri. Na ce ko me za su ce, ina tare da ita. Na goya ta a babur, na saya mata ƙosai a hanya, ta ce ba za ta iya haɗiyar komai ba."

"Saboda azumi?"

"Wane azumi? Likita ya hana ta na nafila tun tana sakandare. Da baki kawai take faɗa, don kada a miƙo mata wani abu a ofishin can." Ya nuna wani gado da ke jingine, ba a shafa masa fenti ba. "Ita ta zaɓi katakon."

Mai gadin ofishin ya ga ya sauke ta a bakin ƙofa ya juya, masu shagunan layinsu kuma sun gan shi yana aiki har azahar. Harira ta cire shi daga zargi.

Hajiya Mansura ba ta iya magana ba sai da ta sha kuka. Ita ce ta samar wa Nusaiba aikin. Ƙawar mahaifiyarta ce tun suna 'yan mata, a bayanta Nusaiba ta yi wayo.

"Yaushe rabonki da ita?"

"Tun gaisuwar safe. Ban ƙara sa ta a ido ba sai da Safiya ta yi ihu."

"Ba ki leƙa ɗakin salla ba da kika je nemanta?"

"Bai zo mini a rai ba."

"Kin san ko ta ci wani abu?"

"Ina za ta ci, baiwar Allah? Azumi take yi."

Harira ta rubuta, ta yi mata gaisuwa, ta tafi.

A gidan makoki ta sami Habiba, mahaifiyar Nusaiba, a ƙuryar ɗaki. Ta roƙi a nuna mata kayan da asibiti suka dawo da su. Habiba ta kwance ledar. Riga da zani, ɗankunne, sai mayafi ruwan toka.

"Mama, kin dama kunun gyaɗa jiya?"

"A'a. Ko shayi ba ta sha ba ta fita."

"Wannan mayafin nata ne?"

Habiba ta ɗaga shi ta sunsuna, hawaye suka zubo.

"Na Mansura ne. Tare muka saya a bikin ƙanwata. Allah sarki Mansura, ita ta lulluɓe mini ita a asibiti."

Harira ba ta gyara mata ba. Ta nemi izinin tafiya da mayafin, ta fito ta zauna a mota, ta daɗe ba ta tayar da ita ba.

Da la'asar ta koma ofishin tare da kofur mace. Ma'aikata sun watse, Hajiya Mansura ce kaɗai a kujerarta. Harira ta shimfiɗa mayafin a kan tebur.

"Hajiya, ki saurare ni har in gama. Yarinyar nan ba ta cin komai a ofishin nan. Wanda ya ba ta kunu ta sha, mutum ne da ba ta jin tsoronsa, kuma wanda ya san azumin na baki ne. Duk ma'aikatan sun yarda tana azumi. Ke da kika yi jinyarta tun tana goye, kin san likita ya hana ta, amma kika ce mini azumi take."

Mansura ba ta ɗago ba.

"Kin ce ba ki shiga ɗakin ba. Mayafinki yana jikinta tun kafin Safiya ta shiga. Wanda yake so ta mutu ba zai cire mata hijabi don kada ta ji zafi ba. Ba zai sa mata matashi ya kunna fanka ba. Barci aka so ta yi har kwamiti ya tashi. Kuma ke kika gaya musu ta tafi gida."

Da Mansura ta buɗe baki, muryarta ba ta fita sosai.

"Maganin maigidana ne, tun da ya sami shanyewar jiki yake sha. Shi yakan yi barci ya tashi lafiya lau. Na ce, 'Sha, 'yata, ba a shiga gaban manya da yunwa.' Ta ce, 'Anti, ke kaɗai ce kika rage mini a nan.' Ta shanye tas."

"Me ya sa?"

"Kin san abin da suka shirya mata? Na ga tambayoyin. Wane irin kaya ta sa, me ya sa ta shiga ita kaɗai, samari nawa ta yi. Har hotunanta na bikin ƙawaye sun tara. Dattawa ne sa'o'in ubanta, za su tuɓe ta da baki. Ni ma an yi mini, Sufeto, a ma'aikatar da na fara aiki. Na yi magana. Shi aka yi masa ƙarin girma, ni mijina na fari ya sake ni."

"Shi ke nan dalilin?"

Mansura ta rufe fuska da tafukanta.

"Ni na aike ta da takardun. Na san halinsa, ba ita ce ta fari ba. Na ce a raina ai da rana ne. Da ta dawo da yagaggiyar riga, wurina ta fara zuwa, na ce ta yi shiru. Ta ce duk za ta faɗa a gaban kwamiti, ba don ta tona ni ba, don gaskiya ce kawai. Habiba za ta ji. Da wane ido zan kalli Habiba?"

"Honarabul ne ya sa ki?"

"Cewa ya yi, 'Hajiya, 'yarki ce, ki san yadda za ki yi da ita.' Bai ƙara ko kalma ba. Ba ya ƙarawa."

Fulas ɗin kunun yana cikin but ɗin motar Mansura, ba ta ma iya wanke shi ba. Kofur ta ɗauko ankwa, Harira ta girgiza mata kai. Haka Mansura ta bi su har mota, tana tafiya kamar wadda ta tashi daga doguwar jinya.

Dipio ya karanta bayanin ya sa hannu. Da Harira ta ɗauko maganar gidan saukar baƙi, ya ture takardar gefe.

"Mai ƙara ta rasu. Wa zai tsaya a kotu? Matar da ta ba ta magani?"

Ranar sadakar uku Harira ta je Unguwar Shanu. Masu gaisuwa sun ragu. Malam Bala yana zaune shi kaɗai a zaure kan buzu, ya rame kamar an zuƙe shi. Ta durƙusa daga gefe ta gaishe shi.

"Allah gafarta Malam, Nusaiba ba ta kashe kanta ba. Ba ta san abin da ke cikin kunun ba."

Ya rufe ido, leɓunansa suna motsi. Hawaye suka gangaro cikin gemunsa, bai share ba.

"Alhamdu lillahi. Na tsaya a kanta na yi salla, zuciyata tana rawa." Ya numfasa. "Abin da ta faɗa a kan mutumin nan fa?"

"Gaskiya ta faɗa, Malam."

"To shi fa?"

Harira ta sunkuyar da kai. Ya dube ta, ya gyaɗa kai, bai maimaita tambayar ba.

"Wa ya ba ta kunun?"

Ta faɗa masa. Ya yi salati a hankali, ya sake yi. Daga cikin gida muryar Habiba ta taso, tana ce wa wata a ɗebi waina a ajiye wa Mansura, shiru ba ta leƙo ba, ƙila jikin maigidanta ne ya tashi.

Malam Bala ya dafa bango ya miƙe da ƙyar.

"Zauna, 'yata," in ji shi. "Ni zan gaya mata."