Hoton Ɗakin Rijiya

Da la'asar sakaliya Si Larbi ya zauna gaban kwamfutar da ke kusurwar falo, kamar yadda ya saba tun da ya ajiye aikin jirgin ƙasa. Rana ta fara ja a saman gidajen Meknes. Matarsa Lalla Zuhur tana kicin tana juya miyar harira. 'Yarsu Ghita, wadda dawowarta ke nan daga kantin maganin da take aiki, tana wanke na'a-na'a don shayi.

Maganar gidan mahaifiyarsa ce ta hana shi sakat. Gidan yana tsohon birnin Fas, a rufe tun rasuwar tsohuwar. Ƙaninsa Tuhami da ke Montreal da ƙanwarsu Badi'a da ke Marseille sun matsa a sayar. Dillali ya je ya ɗauki hotuna, ya aiko wa Si Larbi ta imel, kowane hoto a cikin jikin saƙon, ƙarƙashin bayaninsa. Abin da ya rage kawai shi ne Si Larbi ya tura saƙon gaba ga 'yan'uwansa.

Ya tura har ya gaji. Tsakar gida tana isa lafiya, benaye suna isa, har da ƙofar katako mai ƙusoshi. Amma hoton ɗakin rijiya, wanda ke can ƙasan bene, ba ya isa. A wajen Si Larbi yana nan sarai: bango mai danshi, tayil shuɗi da kore, bakin rijiya. A wajensu kuwa akwati ne fanko, da ɗan jan gicciye a kusurwa.

Ran nan Tuhami ya rubuto da zafi. Ya ce masu saye Turawa ne, ɗakin ƙasa suke fara tambaya saboda danshi, kuma shi ya fara zargin Yaya yana ɓoye wani abu ne don kada a sayar. A ƙarshe ya ce: kada ka sake danna tura gaba. Ka ajiye hoton a kwamfutarka tukuna, ka buɗe sabon saƙo, ka maƙala shi daban.

Si Larbi ya gyara tabarau, ya bi umarnin a hankali, leɓensa yana motsi. Ghita ta shigo da tiren shayi daidai lokacin da hoton ya cika fuskar kwamfutar. Ta tsaya tana kallo.

“Baba, ɗakin nan da Kaka take hana mu shiga da magariba ne?”

“Shi ne. Ajiye shayin, kada ya huce.”

Ya danna, saƙo ya tafi. Ladan bai gama kiran magariba ba amsa ta dawo daga Tuhami: yanzu ya fito.

Suna cikin shan harira wani abu ya faɗo a tsakiyar falo, ya gangara ƙarƙashin kujera. Lalla Zuhur ta sunkuya ta ɗauko. Gutsuren tayil ne, shuɗi, da jiƙaƙƙiyar ƙasa a bayansa. Ta ɗaga kai ta dubi silin, babu tsaga ko ɗaya. Tagogi a rufe suke, kuma a hawa na uku suke zaune. Ghita ta ajiye cokali ta ce ta ƙoshi.

Daga ranar, magariba ta zama abin fargaba a gidan. Da zarar haske ya fara dushewa, sai gutsattsarin tayil su fara faɗowa ɗaya bayan ɗaya, a falo, a kicin, a kan darduma. Ba su taɓa samun kowa ba. Lalla Zuhur ta daina zubar da su, tana tara su a wani kwano, ita ma ba ta san dalili ba. Sai kuma ƙarar zuba ruwa daga banɗaki, alhali famfo a rufe. Wani lokaci a ji kamar mace tana rarrashin wani a bayan bango, a hankali, ba a gane kalmomin.

Ghita ta daina zuwa aiki. Ta ja bargo ta rufe har kanta, ta maƙure tsakanin gado da bango. Idan mahaifinta ya leƙo sai ta juya baya ta ce a rufe ƙofa, ana kallonta. Ta sa aka lulluɓe madubin ɗakin da zani. Abinci sai an yi da gaske take ɗan taɓawa. An kai ta asibiti, likita ya auna ya ce gajiya ce, ya rubuta maganin barci. Maganin ya sa mata barci, amma bai tsayar da tayil ba.

Lalla Zuhur ta rame. Tana kwana a zaune kusa da 'yar, da safe ta tashi ta share ƙasa. Si Larbi kuwa yana buɗe kwamfuta ya tarar da saƙonnin Tuhami a jere, yana tambayar takardun gida, ya rufe bai amsa ba.

Wata yamma Lalla Zuhur ta same shi a baranda ta ce, “Si Larbi, na gaji. Ko ka je ka kira Si Allal, ko ni in sa mayafi in je.”

Si Allal tsohon malami ne da ke koyar da Alƙur'ani a wani ƙaramin masallaci kusa da kasuwar hatsi. Ciwon gwiwa ya dame shi, sai da ya huta a kowane hawa kafin ya iso. Ya zauna a falo yana mayar da numfashi, aka kawo masa kwanon tayil, ya juya gutsure ɗaya a hannunsa ya shinshina.

“Wannan ba na gidan nan ba ne. Kuna da wani gida?”

Si Larbi ya gane tayil ɗin tun ranar farko, faɗi ne bai so. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Na mahaifiyata, a Fas.”

Malamin ya yi sallar magariba a falon, ya nemi ruwa a kwano, ya ce a shiga da shi ɗakin Ghita. Ghita tana inda take, a dunƙule cikin bargo. Ya zauna nesa da ita kaɗan, ya fara karatu ba tare da ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi. Duhu ya cika ɗakin, babu wanda ya tashi ya kunna fitila. Can bargon ya motsa, Ghita ta miƙe zaune, ta dafa gwiwoyinta kamar tsohuwa mai ciwon baya. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsufa ƙwarai.

“Ya isa, Malam. Ba kurma ba ce ni.”

Lalla Zuhur ta kama hannun mijinta.

“Assalamu alaikum, baiwar Allah,” in ji Si Allal. “Musulma ce ke?”

“Wa alaikumus salam. Tun kafin a haifi kakanka.”

“To kin san abin da kike yi zalunci ne. Me yarinyar nan ta yi miki?”

“Ba ta yi mini komai ba. Tawa 'yar ma ba ta yi wa kowa komai ba.” Kan Ghita ya juya a hankali wajen mahaifinta. “Ɗan Habiba, ka tsufa. Ina kallonka kana rarrafe a matakalar nan, ni na tare ka ranar da ka kusa faɗawa rijiya. Uwarka ta san da mu. Ba ta taɓa saukowa da magariba ba sai ta yi gyaran murya.”



Muryar ta ci gaba, a gajiye. Ta ce wani mutum ya sauko ɗakin rijiya da magariba, ba sallama, ya haska wuta ya ɗauki hoto, 'yarta tana wanka a bakin rijiyar, babu ko zani a jikinta.

“Amma babu kowa a hoton,” in ji Si Larbi. “Bango ne kawai da rijiya.”

“Kai bango kake gani. Gidan ƙaninka fa, ka ce babu irinmu a ciki? Gidan ƙanwarka fa? Duk inda aka buɗe shi, akwai masu gani. Duk lokacin da ka tura, ina bin sa ina rufewa da mayafina. Ka tura, na rufe. Ka sake turawa, na sake rufewa, har hannuna ya gaji. Sai ka ciro shi daga inda nake iya kaiwa, ka sa shi a sabuwar jaka. Yanzu 'yata tana ƙasan rijiya, ba ta ci, ba ta fitowa. Na ce bari ka ɗanɗana.”

“Ya ɗanɗana,” in ji Si Allal. “Bai sani ba ne, kuma kin san bai sani ba. Me kike so?”

“Baƙin bunsuru, a yanka a bakin rijiya.”

“Ba a yanka wa kowa sai Allah. Kin ce musulma ce ke.”

Muryar ta ce, kamar mai jin kunya, “Haushi ne. To a dawo da hoton, duk inda ya je. In ya dawo, in tafi.”

Malamin ya dubi Si Larbi. “Ana iya dawo da shi?”

“Ba a iyawa, Malam. Sai dai kowa ya goge nasa.”

“To kira su. Yanzu, tana ji.”

Aka jawo wayar falo har bakin ƙofar ɗakin. Badi'a ba ta yi gardama ba, kuka kawai ta fara, ta ce ta goge. Tuhami ne ya yi dariya.

“Yaya, kai da ka yi shekaru kana tuƙa jirgin ƙasa? Aljana a cikin imel? In ba ka son a sayar da gidan ka faɗa kawai.”

Si Larbi ya miƙa kan wayar cikin ɗakin. Muryar ta ce, “Tuhami, kai ne mai fitsari a bayan rijiya kana cewa kyanwa ce. Goge hoton 'yata.”

Da Si Larbi ya mayar da wayar kunnensa, numfashin ƙaninsa kawai yake ji. Can Tuhami ya ce, a hankali, “Wannan Ghita ce?”

“Bakinta ne.”

“Na goge nawa, Yaya. Har daga kwandon shara, har daga wajen saƙonnin da na aika. Amma na riga na tura wa masu saye. Su ma ban san wa suka tura wa ba. Zan roƙe su, iyakar abin da zan iya ke nan.”

Si Allal ya juya wajen Ghita. “Kin ji. Ba zan yi miki ƙarya in ce zai dawo duka ba. Abin da ya fita ya fita. In kin zauna a jikin yarinyar nan har abada, ba zai rufe taki ba. 'Ya'ya biyu ne za su lalace maimakon ɗaya. Kuma wa ke wajen taki yanzu, kina nan?”

Kafaɗun Ghita suka sauka.

“Ba kowa,” in ji muryar. “Na bar ta ita kaɗai.” Ta ja numfashi. “To ɗan Habiba ya goge nasa, ina gani. Ya gaya wa mai hoton ya goge. Kuma ya zo da ƙafarsa ya sa wa ɗakin ƙofa. Ku sayar ko kada ku sayar, ba ruwana, mun ga masu gida da yawa. Ƙofa kawai.”

“Na yi alkawari,” in ji Si Larbi.

Ya tashi ya kunna kwamfutar, ya goge saƙon dillali, ya goge duk waɗanda ya tura, ya goge wanda ya ajiye daban, ya zubar da kwandon. Si Allal ya sa aljanar ta rantse da Allah ba za ta dawo ba, ta rantse. Ya ce ta fita ta ɗan yatsan ƙafa, kada ta taɓa ido ko kunne. Ƙafar hagun Ghita ta yi rawa, ta miƙe, ta saki. Yarinyar ta kife a jikin mahaifiyarta. Da ta buɗe ido, ta dubi duhun ɗakin ta ce da muryarta, “Mama, me ya sa ba ku kunna fitila ba? Akwai burodi?”

Da asuba Si Larbi ya kama jirgin Fas. Ya fara biyawa wajen dillali, ya tsaya a kansa har ya goge hoton, mutumin yana ta kallonsa ta gefen ido. Daga nan ya samo kafinta a unguwar, suka bi lungu da ƙofar katako a kan jaki.

A saman matakalar ɗakin rijiya Si Larbi ya tsaya, ya yi gyaran murya, ya yi sallama. Ya ce, “'Yata, ki yi haƙuri. Ban sani ba.” Ba a amsa ba. Ya ɗan jira, sannan ya ce wa kafinta ya sauko.

Aikin ya kai su har azahar. Si Larbi yana zaune a kan matakala, bayansa jingine da bango, barci yana fizgarsa. Da ƙofar ta tsaya daidai, kafinta ya ciro sakata daga jakarsa, ya ɗora ta ta waje yana neman inda zai huda.

“Ba nan ba,” in ji Si Larbi.

Kafinta ya juyo. “Ɗakin da ba kowa, yallabai? In ba ta waje ba, ta ina?”

“Sa ta ta ciki.”