Ƙanzon Shafa'atu

"Rufe idonki, na kawo maki tsaraba!"

Shafa'atu ta ajiye muciya ta rufe ido tana murmushi. Mijinta Zailani ya dawo daga sunan ɗan abokinsa a Ƙanƙara, sai washe baki yake kamar wanda ya tsinto zinari. Ya ɗora mata baƙar leda a tafin hannu.

Ta buɗe. Ƙanzo ne, ƙonannen gindin tukunyar tuwon suna, har da ƙaurinsa.

"Sai da na roƙi matan gidan suka kankaro man," ya ce da alfahari. "Na ce masu matata duk duniya ba abin da take so kamarsa."

Ta kalli ledar, ta kalle shi. Kawai sai kuka ya ƙwace mata.

"Subhanallahi! Masoyiyata, mi ya faru? Cikin ne?"

"Ba na son ƙanzo!" ta faɗa cikin shessheƙa. "Wallahi ba na so, Abban Khairiyya... ban taɓa so ba!"

Zailani ya yi sororo. Shi dai bawan Allah, mutum ne mai zuciya ɗaya, abin da ka gaya masa shi yake riƙewa har abada.

Shekara biyu ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu Zailani a Sabuwa. Mahaifiyarsa Inna da ƙanwarsa Suwaibatu da 'ya'yanta biyar suka dawo gidansa na Faskari. Bakin ci ya ƙaru, tukunya ba ta ƙaru ba. Kamar yadda aka koya mata a gidansu, Shafa'atu takan kwashe wa kowa tuwo tukun, ita ta ci abin da ya rage. Ranar farko da bai kai kanta ba, Inna ta tambaye ta ina nata, sai ta yi dariya ta ce ai ita ƙanzo take so. Ta faɗa ne don kada baƙi su ji sun zame mata nauyi. Shi ke nan magana ta zauna, har yara suka koyi cewa a bar wa Anti ƙanzonta.

Yanzu ga ciki wata shida, ga jiri. Jiya a wurin awo aka gaya mata jininta ya yi ƙasa ƙwarai, in ba ta gyara cimarta ba haihuwar za ta zo da haɗari. Ta ninke takardar da aka ba ta ta cusa a ƙarƙashin katifa, ba ta gaya wa kowa ba.

Duk ta zayyane masa, kanta a sunkuye.

Ya janyo turmi ya kifa ya zauna a gabanta, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Shekara biyu ina kallo kina jin yunwa, ni kau ina murna wai na san abin da matata take so... Shafa'atu, ki yafe man."

"Ba laifinka ba ne, ni na faɗa."

"To yanzu gaya man gaskiya. Mi kike so?"

Ta fara lissafi a ranta. Ta san Inna na son tuwo mai laushi ba yaji. Ta san shi miyar kuka da man shanu ce mutuniyarsa, 'yarsu Khairiyya kuwa taliya. Nata fa? Ta laluba zuciyarta ta ji wayam, sai tsoro ya kama ta.

"Na manta," ta ce a hankali.

"Ba inda za ni sai kin tuna. Masara ta jira ni a gona."

Ya riƙe hannunta. Tuwo na ta ɓararraka a kan murhu, ba wanda ya kula. Can sai ƙamshin wani abu ya faɗo mata a rai, ta tuna tsakar gidansu na Mabai da mahaifiyarta a gaban madambaci.

"Dambu," ta ce. "Dambun masara da zogale, a zuba gyaɗa da man ƙuli... Kuma ina so in riƙa kwanciya bayan azahar, ko na ɗan lokaci. Ina so in je Mabai in ga Ummata."

Ita kanta ta yi mamakin yadda maganar ke fitowa, wani na bin wani.

Sai suka ji motsin sanda. Ashe Inna na bakin ƙofar ɗakinta, ta ji komai. Shafa'atu ta yi saurin goge ido, kunya ta rufe ta.

Tsohuwar ta taho ta ɗauki marar kwasar tuwo, ta ƙwala wa Suwaibatu kira ta je ta tsinko zogale, ta ce daga yau kuma girkin rana na Suwaibatu ne.

"Inna, don Allah ki kawo in kwashe..."

"Zauna, ɗiyata. Mun baro gida ba ko tabarma, kin rufa mana asiri da cikinki. Ya isa haka."

Ta kwaso malmalar farko, ta saman tukunya mai laushi, ta malala miya, ta ajiye a gaban Shafa'atu.

"Ci. Ba wanda zai sa hannu a gidan nan sai kin ƙoshi."

Shafa'atu ta yi bisimilla, hawaye na ɗiga a kwano. Zailani kuwa ya kwance ledarsa ya jiƙa ƙanzon da miya, ya kai loma ɗaya, ya yamutsa fuska.

"Shekara biyu?" ya ce.

Ta yi dariya cikin kuka, ta tura masa kwanonta. Ya turo mata abinta.