Filashin Mama Lidiya

Da magariba ina haɗa kayana in rufe shagon gyaran kwamfuta, don in samu motar Sabon Wuse, sai wata dattijuwa da ɗankwali mai ruwan toka ta shigo. Ban ji takunta ba, ko da yake tsakuwa ce a ƙofar shagon.

"Ɗana, filashin nan ya ƙi buɗewa. Gobe da safe za a buga abin da ke ciki, yarana sun rasa yadda za su yi."

Na ce ta dawo gobe. Ta miƙo shi kawai. Sanyinsa kamar daga firji aka ciro shi.

Na soka shi a kwamfuta, shiru. Na buɗe cikinsa, na ga ƙafa ɗaya ta karye, na liƙe da dalma. Ina aiki ina duba agogo, ita kuma tana tsaye a bayana. Ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika shagon, alhali rabonmu da ruwa wata biyu.

Fayiloli suka fara dawowa ba sunaye, sai lambobi. A aikinmu dole ka buɗe kowanne ka tabbatar bai lalace ba. Na farko waƙoƙin coci ne. Na biyu tsarin jana'iza ne: Mama Lidiya Daso, za a binne ranar Asabar. Ga hoto, ga ɗankwalin nan mai ruwan toka.

Ta sunkuyo daidai kunnena, ban ji numfashi ba.

"Ba wannan hoton ba, ɗana. Sa wanda nake dariya."