Zanen da Baba Ya Rataye Kai Ƙasa

Da faɗa suka fara, kuma masu iya magana sun ce ta inda aka hau ta nan ake sauka.

Auta ce ta shiga shagon ɗab'i rungume da wani faffaɗan zane. Tana so a buga mata kwafinsa a takarda mai kauri, ta sa hannu da fensir a ƙasan kowanne, ta sayar. Zanen ba mutum, ba bishiya, ba gida. Launuka ne zalla, ja ya hau shuɗi, baƙi ya danne su daga sama. A littafin wani tsohon mai zane na ƙetare, wanda ya daɗe da mutuwa, ta ga irin wannan aiki tun tana yarinya, ya shiga ranta bai fita ba.

Saurayin da ke shagon, wanda kowa ke kira Mai Tawada saboda baƙin yatsunsa, ya karɓa ya shimfiɗa a tebur.

"Malam, kai ƙasa ka ajiye shi."

"Au, yana da kai?"

"Kai dai da alama ba ka da shi."

Ya yi dariya har da riƙe tebur. "Ranki ya daɗe, koya min. Ta ina ake ganewa?"

Ta nuna masa inda fentin ya zuba sirara-sirara. "Fenti kamar hawaye ne. Ƙasa yake gangarowa, ba ya hawa sama."

Ya juya zanen. Amma ba zanen yake kallo ba.

Kafin ta isa gida saƙo ya shigo wayarta: "Bakan Gizo, na gyara zanen. Saura zuciyata, tun da kika fita take kai ƙasa."

Ta rubuta: "Baƙin Hannu, ka yi aikin da aka ba ka."

Daga nan sai abin da ya ci gaba. Kwafi ya yi kyau, aka saye. Ta riƙa kawo masa abokan sana'arta, shagonsa ya cika. In yana haɗa launi sai ta tsaya a kansa tana masifa wai jan ya yi tsami, shi kuma ya ce in dai za ta tsaya, to zai ɓata shi da gangan.

Da magana ta je kunnen Baba, mahaifin Auta, sai ya ɗaure fuska.

"Ke kina ɓarnar fenti, shi yana ɓarnar takarda. Makaho ya ja makaho. Mutumin da sana'arsa kwafar aikin wasu, me zai riƙe ki da shi? Ga ɗan aminina nan mai shagon firem ɗin rataye hotuna, yaro mai ladabi, kullum sai ya zo gaishe ni. Ba na yi miki dole, amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Wannan mai ladabi shi ake ce wa Wushirya, saboda ƙofar da ke tsakanin haƙoransa na gaba. Ba ya rabuwa da baƙar hula. Zai zo ya durƙusa, ya zauna a falo yana latsa waya, ko Baba na nan ko ya shiga ciki.

A falon nan ainihin zanen Auta yake. Baba ya karɓa ne don ya rufe wata tsaga a bango, ya kuma rataye shi kai ƙasa, wai duk abu mai duhu a ƙasa yake zama. Ta gyara, ya mayar. Ta gyara, ya mayar. Ta gaji ta bar masa.

Ana nan sai wata ƙawarta ta shigo mata da wata takarda a naɗe, ta ce a bakin titi ta saya wurin masu talla, har ana rububi. Auta ta warware. Zanenta ne, ba sa hannunta, an buga a takarda mai araha. Kuma rubutun da aka yi a ƙasa ya nuna kai ƙasa aka buga shi.

Mutum ɗaya ta kai wa zanen nan. Mutum ɗaya ta san ya taɓa ajiye shi kai ƙasa yana dariya.

"Wato bayan sata har da izgili," in ji ta. "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wallahi sai ya san ya taɓa ni."

Ba ta je ta tambaye shi ba. Nan ta yi kuskure, don zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ta bi masu zanen da ta kai masa ɗaya bayan ɗaya, ta shimfiɗa musu takardar. Kowa ya je ya kwashe aikinsa. Na'urar ɗab'insa da ke kwana tana kuka ta yi tsit, ƙarshe Mai Tawada ya sa wa shago kwaɗo.

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya rubuta: "Bakan Gizo, ba ni ba ne. Fenti ƙasa yake gangarowa, ke kika koya min. Da zan yi miki sata, da ban yi ta kai ƙasa ba."

Ta amsa: "Kada ka ƙara kirana da wannan suna."

Baba kuwa cewa ya yi, "Na faɗa miki."

Wata rana da hantsi ta kawo wa Baba da baƙonsa shayi. Tana ɗagowa, idonta ya sauka a zanen bango. Hasken taga ya bugi kusurwarsa ta dama, ya yi wani farin tabo. Ta koma ɗaki ta warware takardar bakin titi. Ga farin tabon nan a kusurwar dama, wanda ita ba ta taɓa zanawa ba. Ashe daga bangon gidansu aka ɗauki hoton, yadda Baba ya rataye shi. Ta leƙo ta labule. Wushirya na zaune ƙarƙashin zanen, yana kurɓar shayinta, waya a cinyarsa.

Ta yi kuka mai isarta, sannan ta rubuta: "Baƙin Hannu, na zalunce ka. Ban cancanci ka amsa ba."

Ya amsa: "Yanzu ina rataye hotuna a gidajen mutane, aikin yini. Ban taɓa rataye ko ɗaya kai ƙasa ba."

"Na san ɓarawon. Ka ba ni lokaci."

"Ki bar shi da Allah, Bakan Gizo."

"Na bar shi da Allah. Amma Allah ya ba ni hannu."

In ta faɗa wa Baba da baki, zai ce sharri ne. Gani ya kori ji. Sai ta shimfiɗa sabon ƙyalle a ƙasa don kada fenti ya gangaro ya tona asiri, ta yi kwanaki tana zagaya shi. Baƙi mai kauri a sama. Fararen dunƙule biyu a ƙasa, da siririn baƙin layi tsakaninsu. Sauran duk ja da ruwan ƙasa. Ta kai wa Baba ta ce kyauta ce. Baba ya duba, ya yi tsaki, ya juya baƙin ƙasa kamar yadda ta san zai yi, ya buga ƙusa.

Wushirya ya zo gaisuwa. Auta da kanta ta ce Baba ya zo Inna na kiransa, aka bar baƙo daga shi sai zanen da wayarsa.

Wanda ya ci bai ƙoshi ba, shi ke komawa da babban cokali. Wannan karon bai ba masu talla ba. Wani sabon otal a can ƙarshen gari yana neman hotunan ɗakuna, sai ya buga zanen, ya sa a firem ɗinsa, ya ɗauki fensir ya sa hannunsa a ƙasan kowanne, yadda ya ga Auta na yi. Cikin masu aikin yinin da aka ɗauko su rataye, har da Mai Tawada, wanda Auta ta riga ta gaya wa shirinta.

Saƙonsa gajere ne: "Kifi ya haɗiye ƙugiya. Kowane ɗaki da ɗaya, babban yana zauren shiga. Gobe zai zo miƙa aiki."

Washegari ta roƙi Baba ya raka ta ganin wani mai son sayen zane. Suka tarar da Wushirya a zaure, manaja da ma'aikata kewaye da shi, yana nuna bango.

"Wannan baƙin teku ne. Waɗannan fararen gajimare. Wata uku ina fama da shi."

Ya waiwayo ya ga Baba. Baba ya dubi bangon, ya dubi sa hannun, ya ce, "Wannan ai na falona ne."

"Baba, kama ce kawai. Irin wannan zane duk ɗaya ne."

"Haka ne," in ji Auta. "Baƙin Hannu, taimaka ka juya mana teku."

Mai Tawada ya hau tsani ya juya shi. Teku ya koma baƙar hula. Gajimare suka koma haƙora biyu da ƙofa a tsakani. Ga idanu ƙanana suna satar kallo, ga kunnuwa. Wata mai shara ce ta fara ƙyalƙyalewa, ta dubi bango ta dubi mutumin, ta zauna a ƙasa. Zauren ya ɗauka. Wushirya ya kai hannu ya rufe baki, abin ya ƙara muni.

"Ka ce wata uku kana fama da shi," in ji Auta. "Ai ka fi haka. Tun haihuwa kake ɗauke da shi. Kuma ka sa hannu, ba wanda zai ce ba naka ba ne."

Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Manaja ya ce a sauke su duka a mayar masa. Baba bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Ka sha shayina, ka yi wa 'yata sata a gaban idona. Kada in ƙara ganin takalminka a ƙofata."

Da suka fito, ya juya kan Auta. "Ke kuma kada ki yi murna. Wanda kika rufe wa shago fa? Bakin da ya ɓata shi, shi zai gyara."

Haka ta bi masu zanen nan ɗaya bayan ɗaya, ƙofar da ta shiga da sharri ta koma da neman afuwa. Wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba, don magana zarar bunu ce. Amma an cire kwaɗo, na'ura ta koma kukanta.

"Ni ma fa ina da ramuwa," in ji Mai Tawada ranar da ya buɗe.

"Na shirya. Faɗi."

"Za ki zauna kina kallon baƙin hannun nan har ki tsufa."

"Hukuncin ya yi tsauri," ta ce, tana share ido. "Na karɓa."

Ranar da ya zo gaishe da Baba, tsohon ya daɗe yana kallon yatsunsa. Sannan ya nuna zanen farko da ya rufe tsagar bango.

"Ni ma na rataye ka kai ƙasa, yaro. Tashi ka gyara min wancan. Ta ina ake ganewa?"

"Baba, fenti ƙasa yake gangarowa."

Auta na bayan labule, hawayenta ma ƙasa suke gangarowa.

Ba a daɗe ba aka ɗaura aure. Baba ya dafa kawunansu ya ce, "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin magana fiye da uwarsu. In ɗayanku ya ga abu a karkace, ya tambaya kafin ya yi fushi."

Aka shafa. Allah ya bar su tare, ya raba mu da baƙo mai yawan gaisuwa.