Tagar Bayan Gidan Giyar Turai

Gab da magariba Alhaji Armaya'u ɗan kwangila ya faka sabuwar a-kori-kurarsa a bakin tsohon gidan giyar da ke kan hanyar Safana zuwa Batsari. Ya sayi wurin ne don kwanon rufin da duwatsun. Zamanin arzikin mai ne, kowa gini yake.

Tun kafin 'yancin kai wani kamfanin sayen gyaɗa ya gina shi saboda akawunansa da direbobin manyan motoci. Bangon dutse ne, kaurinsa ya fi kamu guda. A ciki akwai dogon kanta na maɗaci, duk shatin gindin kwalba. Ta baya kuwa, ɓangaren da ke kallon daji, magina sun bar 'yar taga daidai shigar hannu. Ta nan masu mutuncin gari ke saye: ka ƙwanƙwasa, ka miƙo hannu, a ɗora maka, ba mai ganin fuskar wani.

Gyaɗa ta mutu, kamfani ya kwashe. Aka bar Turai mai sayarwa, ta tsufa a ciki, ido ya tafi.

"Ke, tattara tsummokaranki," in ji Alhaji, yana jan maganar ta hanci, yadda ya koya tun da ya sa haƙorin Makka.

"Ɗan nan, bar ni in kai safe. Ina da baƙi."

"Baƙi! Bayan zunubin da kika tara nan, har da baƙi?"

Ƙwaryar ruwa ce ajiye a bakin tagar. Ya mangare ta, ta tsage. Ya fizgo tsohuwar har goshinta ya daki ƙyaure, ya watsar da ita waje.

Ta shafa jinin, ta ce a hankali, "To. Wanda ke ciki dai shi ke sallamar su."

Ya koma yana auna bango. Daga nesa aka fara kiran salla. Sai wari ya taso, warin tsohuwar giya da gumi da taba.

Ƙwas. Ƙwas.

Ta tagar ne.

Hannu ya shigo, tafin a buɗe. Dogo, fari fat kamar an tsoma shi a toka.

Aka yi gyaran murya. Armaya'u ya san gyaran muryar nan. Da ita ake tashinsa asuba yana yaro.

"Turai," aka raɗa. "'Yar guda. Kada yaron nan ya ji."

Malam Barau ne, mahaifinsa. Wanda ya taɓa zane shi don ya bi ta ƙofar gidan nan. Wanda Armaya'u da kansa ya sa a kabari.

"Baba?"

Hannun ya cafke wuyan hannunsa. Sanyi ya ratsa ƙashi.

Ƙwanƙwasa ta zagaye ginin duka. Gabas, yamma, ƙarƙashin kanta.

Aka ja. Gwiwar hannu ta shige. Dutse na kankare fata.

"Inna! Inna Turai, ki taimake ni!"

Daga waje tsohuwar ta toshe hanci, ta amsa da muryarsa sak: "Tattara tsummokaranka, Alhaji."

Kafaɗa ta yi ƙara.

Da hagu ya laluba ƙasa, ya ci karo da sakainar ƙwaryar. Ɗan ruwa ya rage a ciki. Ya tura ta cikin tagar.

Aka kurɓa. Aka yi ajiyar zuciya.

Aka sake shi.

Da safe makiyaya suka tsinci Turai a gindin kirya, ta riga ta sandare. Ba a cire ko dutse ɗaya daga ginin ba. Hannun daman Alhaji ya bushe, ko loma ba ya kaiwa baki. Washegari da magariba ya ƙi komawa gidan giyar, sai ƙwanƙwasar ta same shi har gida, a bangon ɗakin da 'ya'yansa ke kwana.

Tun daga nan, duk magariba ana ganin motarsa a bakin gidan giya, shi kuma yana shiga da ƙwarya rufe da faifai. Kwangila ta yanke. A sahun salla, mutane kan matsa su bar masa fili. Mata a bakin rijiya har tafiyarsa suke kwaikwayo, wai Alhaji ya zama mashayi.

Bai taɓa musawa ba. In ya musa, sai ya faɗi wa yake kai wa.