Muryar Aku a Ɗakin Gwaji

Da almuru ne, kowa ya tashi daga aiki. Injiniya na rataya jakarsa ke nan saƙo ya shigo wayarsa: gwaji ɗaya ya faɗi. Ya ja tsaki, ya ajiye jakar, ya hau bene zuwa ɗakin gwaji.

Kamfaninsu na da wata manhajar sarrafa sauti da wasu ke ɗauka su gina tasu a kanta. Dole ta yi aiki iri ɗaya a waya da kwamfuta, sabuwa ko tsohuwa. Aikin Injiniya shi ne rubuta ƙananan gwaje-gwaje, kowanne ya duba gaɓa guda ta manhajar. In lafiya, layi ya yi kore. In da matsala, ja.

Gwajin da ya faɗi ba wani mai wuya ba ne: a buɗe guntun sauti, a auna tsawonsa. Guntun kuwa muryar 'yarsa ce tilo, wadda suke kira Aku saboda surutu. Wata rana yana neman sautin da zai yi gwaji da shi, ta fizge wayar ta ce, "Abba, sannu da aiki!" ta ƙyalƙyale da dariya. Shi ya saka. Da zazzaɓi ya ɗauke ta, hotuna suna da su birjik, amma murya sai wannan. Kwafi ɗaya a wurin aiki, ɗaya a wayar uwarta.

Ɗakin na warin ƙura da ɗumin waya. Na'urori jere a kan kanta, fankokinsu na huci. Ƙofar baranda a rufe.

Ya duba allo. Gwajin ya ce sautin ya fi yadda aka san shi tsawo.

Ya sake haɗa manhajar, ya sake gwadawa. Ja. Ya koma tsohuwar kwamfutar lungu. Ja. Ya gwada wayoyin. Duk ja, kuma kowane karo tsawon ƙaruwa yake.

Babu wanda ya taɓa guntun. Ya tabbatar.

Ya kunna shi.

"Abba, sannu da aiki!" Dariya.

A nan ya saba ƙarewa. Bai ƙare ba. Aka ji numfashi, irin na yaro mai mura.

"Abba... ka daɗe."

Fankokin suka yi tsit. Ƙamshin man kitson da uwarta ke shafa mata ya cika ɗakin.

"Aku?" ya faɗa cikin raɗa.

Wayar da ke gefensa ta amsa. Sannan ta kusa da ita. Sannan kwamfutar lungu, wadda ko lasifika ba ta da ita.

"Sanyi nake ji, Abba. Zo ka ɗauke ni."

Ƙofar baranda ta buɗe a hankali. Yanzu muryar daga can take fitowa.

Ya san an binne ta. Da hannunsa ya sa ta a kabari. Amma ƙafafunsa suka miƙe.

"Ga ni nan, uwata."

"Matso. Kaɗan ya rage."

Ƙarfen baranda ya taɓa cikinsa, sanyi ƙalau. Ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Sai dariyar ta sake zuwa. Ta yi tsawo. Ta yi kauri. Babu yaron da ke da ƙirjin da zai ɗauke ta.

Wani hannu ya cafke rigarsa ta baya, suka zube ƙasa tare. Tsohon mai gadi ne, ya hau rufe ƙofofi.

"A'uzu billahi! Injiniya, me za ka yi?"

"'Yata ke kira."

"Ni ma na ji, ɗana," in ji tsohon, yana haki. "Amma ni muryar marigayiya matata na ji. Tashi mu sauka, kada ka waiga."

Da ya isa gida ya zayyana wa matarsa komai. Ba ta yi ihu ba. Sai ta ce, "Nawa ma ya ƙara tsawo, Abban Aku. Tun makon jiya. Kullum in ka fita sai in kunna. Jiya cewa ta yi in same ta bakin rijiya."

"Me ya hana ki gaya mini?"

"Na san za ka goge."

Ta miƙa masa wayar, amma ba ta sake ta ba. A haka suka goge, hannunsa a kan nata.

Washegari ya goge na wurin aiki, ya sa ƙarar ƙararrawa a madadinsa. Layuka duk suka yi kore, shugabansa har da yaba masa.

Wani lokaci bayan cin abinci, ɗayansu kan gwada faɗin kalmomin nan yadda Aku ke faɗinsu. Ɗayan ya saurara, ya girgiza kai.

"Ba haka take cewa ba."

"To yaya take cewa?"