Na'urar Ɗakin Auta

Rana ta faɗi, Umma tana kwashe shanya, sai dutse ya faɗo a kan rufin ɗakin 'yarta Auta. Ta ɗaga kai, babu kowa. Na biyu ya biyo baya. Sannan 'yar na'urar da ke rataye a bangon ɗakin ta fara ƙara.

Mijinta, Injiniya, shi ya ƙera ta. Ɗan gilashi ne kamar farce, an shimfiɗa masa sinadarin da bai kai ɓawon albasa kauri ba. Da tururin fetur ko na fenti ya taɓa shi, sai wutar da ke ratsa shi ta canja, na'urar ta yi ƙara. Shekara uku yana fama da ita a sito, wanda ya haɗa bango da ɗakin Auta. Duk sanda ta yi ƙara sai ya leƙa ya ce, "Ba ta gama saituwa ba, rabu da ita." Ita kuwa Umma, yarda da miji har ta yi mata yawa.

Mako biyu ana haka. Da magariba sai jifa, sai ƙara, sai Auta ta riƙe kai, ta yi amai, ta zube. Ranar da ta yi magana da muryar tsoho, Umma ta aika a kira Malam.

Malam ya daɗe yana karatu. Gidan ya yi tsit, ko kaza ba ta motsi.

"Me yarinyar nan ta yi maka?" in ji Malam.

"Ba komai," in ji muryar. "A siton nan nake tun ba a haifi maigidan ba. Ya cika shi da kwalaben fetur da fenti, iskarsu ta kori iyalina, tana bi ta tsagar bango har kan gadon yarinyar. Na yi ta jifa don a fitar da ita, ba wanda ya gane."

"To, za ka fita."

"Zan fita. Amma sai uwarta ta ga jan littafin da ke aljihun ubanta."

Injiniya ya ce ƙaryar aljani ce. Umma ta miƙa hannu har sai da ya ba ta. Kowane shafi da kwanan wata da lambobi, da rubutunsa mai kyau. Shafin jiya ya ce: "Na'ura ta yi daidai. Ciwon kai ya fara minti goma bayan ƙara."

"Baban Auta, ashe ka sani?"

"Saura kwana shida kamfani su gwada na'urar. Dama zan kwashe kwalaben."

Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki. Malam ya naɗe buzunsa. "Nawa ya fita," ya ce. "Sauran na asibiti ne."

Yarinyar ta buɗe ido da ƙyar. "Baba, kaina."

Injiniya ya durƙusa zai ɗauke ta. Umma ta shiga tsakaninsu.

"Kada ka taɓa ta," ta ce, ta juya baya ta goya 'yarta.